Sifirin Ya Karye a Gangare

Ƙarar ba irin ta fashewar taya ba ce. Wani "ƙas!" ne mai kauri, kamar an sari tukunyar ƙarfe da gatari, kuma daga ƙarƙashin ƙafafun Baba ya fito. Motar ta yi ɗan tsalle, ta durƙusa ta gefensa, sitiyari ya fizge daga hannun Auta. Ba ta san lokacin da ta take birki ba. Sai da suka gogi ƙarfen kariyar da ke bakin titi sannan motar ta tsaya, ƙofar Baba a manne da ƙarfen. Bayan ƙarfen kuwa babu komai sai kwazazzabo, mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka ɗan jira kafin ka ji saukarsa.

"Innalillahi! Auta, me muka taka? Mutum ne?" in ji Gwaggo daga baya, ta rungume jakar magunguna a ƙirji.

"Rami ne, Gwaggo. Rami na faɗa."

Baba ya kasa kunne yana sauraren motar. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota kafin hawan jini ya kayar da shi wata takwas da suka wuce, ya shanye masa ɓarin jiki na hagu, ya bar masa harshe mai nauyi. Duk ranar Talata Auta, ƙaramar 'yarsa, takan bar shagon maganin da take aiki ta kai shi asibiti a gasa masa jiki. Gwaggo, ƙanwarsa, takan biyo su don ta taya ɗagawa, domin Baba ƙaton mutum ne, ciwo bai rage masa komai ba sai tafiya. Kuma ba ya zama a baya. Likita ya ce baya ya fi masa, 'ya'yansa sun yi lallashi har sun gaji, shi dai amsarsa guda ce: shi direba ne, ba kaya ba. Sai an yi gumi an cusa shi gaba, ya kafa wa hanya ido, yana gyara wa Auta tuƙi da ƙwafa.

Ran nan an rufe babban titi ana binne bututun ruwa, aka karkatar da su ta gangaren da ke saukowa daga ma'aikatar fasa dutse. Siririyar hanya ce, mota biyu ke giftawa da ƙyar, dutse a tsaye ta gefe guda, kwazazzabo ta ɗayan. Inda suka tsaya ɗin kuma ƙasan wata kwana ce. Wanda ke saukowa ba zai gan su ba sai ya zo kansu.

"Sifirin," in ji Baba a ƙarshe, kalmar tana fita da ƙyar. "Ganye ya karye. Nemo katako. Da igiya."

Auta ta kunna fitilun gefe, ta fita. Rana ta take tsaka, kwalta na huci. Ta zagaya ta gaba ta tsuguna, ta haska ƙarƙashin motar da fitilar waya. Sati uku ke nan wannan ƙafar ta motar tana kukan ƙiƙi-ƙiƙi duk sanda aka hau tudu, ita kuma maganin da ta yi wa kukan shi ne ƙara muryar rediyo. Yanzu ga shi a gabanta. Bakin motar ya sauko har ya kusa zama a kan taya. Ta leƙa ta saman tayar, ta daɗe tana leƙe.

"Baba, ni ban ga ganye ba."

"Faffaɗan ƙarfe. Jere-jere, ɗaya kan ɗaya."

"Babu shi. Wani ƙarfe ne zagayayye, a naɗe kamar gammo, ya hau sama. Ya tsinke ta ƙasa."

Ta ɗago ta dube shi ta gilashin gaba. Tun tana yarinya ba ta taɓa kawo wa Baba zancen mota ya yi shiru ba. Mutumin da ya sha ɗaure karyayyen ganye da katako a tsakiyar daji ya kawo kaya gida lafiya, yau ya buɗe baki ya rufe.

"Ban taɓa kwance irinsa ba," ya ce.

Wannan maganar ta fi ƙarar karyewar ba ta tsoro.

Ba ta kai ga amsawa ba ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin gwiwoyinta. Ta miƙe. Tifa ce, maƙare da dutse, ta kunno kai daga kwanar kamar gida ya taso yana tafiya. Direban ya danna hon, ya murɗe kan motar ya ci rabin ɗaya hannun. Auta ta manna bayanta da ƙarfen kariya ta runtse ido. Iska mai zafi ta mare ta, tsakuwa ta yi ruwa a kan rufin motar, wani abu ya yi "tas!" Da ta buɗe ido, madubin gefen direba na lilo a jikin waya guda, tifar kuma ta yi ƙasa, wani na zuba musu ashar ta taga.

Gwaggo na ta salati ba numfashi. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya buga gilashi, Auta ta dawo ta zura kai ta tagar direba.

"Na ja dutse a nan," ya ce. "Shekara shida. Minti goma-goma suke sakin mota. Wancan ya sami fili. In ya haɗu da mai hawowa..."

"Mu fitar da kai, Baba."

"Ta ina? Mu tsaya a ina?"

Ta duba. Ƙofarsa ba ta buɗuwa. Ko sun fito da shi ta ɗaya gefen, babu inda za a ajiye keken guragu sai tsakiyar kwalta.

Ta kira mai janwe, motar da ke jan lalatattun motoci, ya ce yana wani aikin a bayan gari, awa biyu in Allah ya so. Ta kira Yaya, babban wanta.

"Injin na tashi?" in ji Yaya.

"Yana tashi."

"To me kike jira? Ki taka ta ki bar wurin! Gudu ɗaya za ki yi ki sauka. Ke dai tsoro ya yi miki yawa wallahi."

Baba ya ji, don muryar Yaya ba ta buƙatar a sa ta a fili. Ya miƙo hannu, ta ba shi wayar, ya kashe ta ya jefa a ƙasan kujera.

"Koma ki duba," ya ce. "Ke ce idona. Bakin da ya karye, ina ya dosa?"

Ta koma ta tsuguna. "Ya doso taya. Ta ciki. Yana da tsini, Baba, kamar an fere shi."

"Ya taɓa?"

"Bari in ji." Ta fara zura hannu.

"Kul!" Ya buga ƙofa da ƙarfin da ba ta san yana da sauransa ba. "Fitar da hannu! Ƙarfe mai kaya a kansa ba a sa masa yatsa. Na ga wanda ya bar uku a ciki. Kina da biro?"

Ta zaro biron da ke aljihun rigar aikinta, ta gwada zura shi tsakanin tsinin da tayar. Ya ƙi wucewa. A jikin robar akwai wani sabon layi mai sheƙi inda ƙarfen ya riga ya lasa.

"Ba ya shiga. Har ya fara gogawa."

"Tiyon birki fa? Baƙi, siriri, yana zuwa bayan tayar. Ya jiƙe?"

"A bushe yake."

"Alhamdulillahi." Ya ja numfashi, gumi na bin wuyansa. "Bayan kwana ta biyu akwai filin masu buga bulo. Ta wannan gefen nawa. Taku ɗari biyar. In muka kai, mun fita. Amma in tsinin nan ya huda tayar a kan gangare, motar za ta ja mu ta inda ta durƙusa." Ya karkata ido wajen kwazazzabon. "Ƙarfen kariyar nan ya ƙare a kwana ta gaba."

"To yaya za mu yi, Yaya?" in ji Gwaggo, wadda ita ma Yaya take ce masa. "Ka yi magana mana, ka bar ja mana rai!"

"A rage mata nauyi ta wannan ƙafar." Ya dubi ƙasa, wajen ƙafafunsa. Ya dubi cinyoyinsa da suka cika kujerar. Kowa ya gane a lokaci guda, amma babu wadda ta yi ƙarfin halin furtawa.

"Ku ja ni baya," ya ce. "Bayan direba."

Ba aiki ne mai kyan gani ba. Auta ta kwantar da kujerarsa, ta buɗe ƙofar baya ta gefen titi, ta durƙusa a ciki rabin jikinta a waje, ta saƙalo hannuwa a hammatarsa. Gwaggo ta haye gaba ta kujerar direba, ta ɗaga shanyayyiyar ƙafar ta ɗora a kafaɗa tana turawa. Hularsa ta faɗi. Wandonsa ya zame har cinya, Gwaggo ta yi maza ta ja masa shi ba tare da ta kalla ba.

"Kai, Yaya! An ce ka rage ci ka ƙi. Ga ranar da ake jiye maka."

"Tura," in ji Baba ta cikin haƙora.

"Ina turawa! Ni ma ba yarinya ba ce, ƙuguna zai tsinke kamar na motar."

Auta na ja, kunnenta na kwana. Duk wani motsi sai ta ji kamar tifa ce. Sau ɗaya kafaɗarsa ta maƙale a jikin kujera, ya yi wani nishi irin wanda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba ko ranar da ya faɗi. Suka ƙara yunƙurawa, sai ga shi zaune a bayan kujerar direba, a karkace, yana haki, yawu na bin gefen bakinsa. Ta kai hannu za ta share masa, ya kawar da kai.

"Ke kuma ki zauna kusa da ni," ya ce da Gwaggo. "Nauyinki zai ɗaga gaba."

"In na zauna, wa zai tare masu tifa?" Gwaggo ta riga ta fito, tana ɗaure mayafinta a ƙugu. "Auta, ina jar alamar nan taki mai kusurwa uku? Ba ni. Ku zuba duwatsu a madadina. Sai dai ku kwashi rabin dutsen nan kafin ku kamo ni."

"Gwaggo, za su take ki!"

"Su take ni su gani. Wanda bai hango ni ba ai makaho ne."

Dariya take yi, amma leɓenta ya yi fari fat. Ta karɓi alamar, ta kwance jan ɗankwalinta ta riƙe a ɗaya hannun, ta kama hanya tana hawa da kai buɗe, tana dafa gwiwa. Baba ya ɗaga murya ya ce ta wuce kwanar da nisa, mota mai kaya ba ta tsayawa a inda aka ce ta tsaya. Ta ɗaga hannu ba ta waiwayo ba. Kwanar ta haɗiye ta.

Gefen titin cike yake da duwatsun da ke zubowa daga tifofi. Auta ta buɗe but, ta matsar da keken guragu, ta shiga jida tana jerawa a kusurwar da ke bayan Baba. Farcenta biyu suka karye, ba ta ji ba. Da ta jera goma sha wani abu, ta ruga gaba ta zura biron.

"Ya wuce, Baba! Da ƙyar, amma ya wuce!"

"Shigo. Sauke gilasai duka."

Ta zauna, ta kama sitiyari. A madubin ciki tana ganin rabin fuskarsa, ɓarin da ke motsi.

"Saurara da kyau," ya ce, yana ajiye kowace kalma ita kaɗai. "Giya ɗaya. Ki saki kuloci, ki cire ƙafa. Totur ba naki ba ne yau. Inji zai riƙe ta. Birki, kamar za ki taɓa jariri mai barci. In kika danna, kanta zai nutse, ƙarfen ya ciji taya. Kada ki murɗa sitiyari a tsaye. Sai tana tafiya, kaɗan-kaɗan."

"In tifa ta zo fa?"

"Ko me ya zo."

Ta tayar da injin. Ta sauke birkin hannu, ta saki kuloci a hankali. Motar ta girgiza, ta rabu da ƙarfen kariyar da wani kuka mai sa haƙori tsami, ta fara gangarawa. Tafiyar ba ta fi ta mai tallan da ke neman ciniki ba. Sitiyarin na ja ta wajen kwazazzabo kamar akuya mai son komawa gida, ta ƙanƙame shi har jijiyoyin hannunta suka tashi.

"Me kike ji?"

"Ƙwanƙwasa. Ƙwas, ƙwas."

"Ba komai. Gutsuren ne ke wasa. In kika ji shuu, shuu, shi ne gogawa."

Ramuka sun cika hanyar, ramukan da ɗazu da ta bi ta kansu ba ta ko lura ba. Yanzu kowanne sai ta hango shi tun daga nesa, ta fara kauce masa da wuri, ta ba shi ƙafar mai lafiya in babu makawa. Suka shiga kwana ta farko. Ƙarfen kariya ya ƙare kamar yadda Baba ya faɗa. Daga bakin kwalta sai 'yar ciyawa, daga ciyawa sai sarari. Can ƙasa akwai gawar wata mota da ta yi tsatsa, ƙafafunta a sama, bishiya ta tsiro ta cikinta. Auta ta ɗauke kai.

Shuu. Shuu.

"Baba!"

"Na ji. Kin murɗa da yawa. Sassauta. Ci tsakiyar hanya."

Ta sassauta, ƙarar ta ɗauke. Ta tarar ta daina numfashi tun farkon kwanar, ta ja iska da baki.

Suna tsakiyar miƙaƙƙen wurin da ke tsakanin kwana biyun ta ji hon daga sama. Dogo, ba yankewa. Sai ƙarar birkin iska, fush, fush, da kukan tayoyi a kan tsakuwa. Sai shiru. Ta kafa wa madubi ido.

Kan tifar ya ɓullo daga kwanar da suka baro. Babu Gwaggo a gefen hanya. Babu jan ɗankwali. Motar kawai ce, tana girma a madubi, har fitilunta da haƙoran gabanta suka cika shi.

Ƙafarta ce ta yanke shawara, ba ita ba. Ta faɗa kan totur. Motar ta zabura, kanta ya ɗaga ya dawo ya nutse, ƙarfen ya kama tayar da wani gurnani, warin roba ya shigo ta taga.

Baba ya naushi bayan kujerarta har haƙoranta suka haɗu. "Ɗage! Ɗage ƙafa!"

"Zai hau mu! Baba, ya take Gwaggo, zai hau mu!"

"Ɗage na ce!"

Ta ɗage. Hawaye suka rufe mata ido, ta goge da kafaɗa don ba ta isa ta saki sitiyari ba. Motar ta koma tafiyarta ta ɗazu. Yanzu shuu ɗin ba ya ɗaukewa, duk zagayen taya sai ya yi sau ɗaya.

Baba ya karkata kai wajen taga, ya lumshe ido. "Ji kukan injinsa," ya ce. "Ya sauke giya. Ya gan mu. Riƙewa yake yi."

Gaskiya ne. Tifar ba ta matso ba, ba ta kuma ja baya ba. Ta bi su a baya, tsakaninsu bai fi tsawon ɗaki ba, tana huci tana tari. Dutsen da ke kanta ya kare musu rana.

"Don me ba zai wuce ba?"

"Duba gabanki."

Wata tifar ce, wofi, ta fito daga kwana ta biyu tana hawowa, bayanta wata, bayan wannan kuma wata. Sun toshe ɗaya hannun. Direban ta farko ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya ɗora hannu a ka.

Sannan wani warin ya iso, ba na roba ba. Mai ɗaci, kamar an bar tukunya ta ƙone ƙurmus. Auta ba ta san shi ba, amma ta ga fuskar Baba a madubi.

"Mene ne?"

"Tuƙa."

"Baba, mene ne?"

"Birkinsa ke ƙonewa. Mota mai kaya ba a riƙe ta haka a gangare. Ba zai daɗe ba." Ya leƙa gaba. "Me kike hangowa?"

"Kwanar. Bayanta akwai rumfar kwano. Da bulo a jere."

"Shi ne. Taɓa totur. Taɓawa kawai, da babban yatsa."

Ta taɓa. Shuu ɗin ya ƙara sauri. Suka shiga kwana ta biyu, fush-fush ɗin da ke bayansu ya fara zuwa kusa-kusa, kowanne ya fi na baya rauni. Ta daina kallon madubi, don babu abin da ke cikinsa sai ƙarfe. Bakinta na motsi da addu'ar da ba ta san farkonta ko ƙarshenta ba.

Ga filin. Mashigarsa tana da tudun siminti a kan kwata, tsayinsa ya kai tafin hannu.

"Akwai tudu a bakin wurin!"

"Buɗe ta waje, ki hau shi a miƙe, ƙafa biyu tare."

"Babu fili! Ta uku tana nan daidai wurin!"

Ya leƙa, ya gani. In ta buɗe, ta shiga ƙarƙashin mai hawowa. In ta shiga a karkace, karyayyiyar ƙafar ce za ta fara cin tudun ita kaɗai.

"Shiga haka," ya ce.

Ta murɗa. Tayar ta taɓa tudun, ta fara hawa, duk nauyin motar ya taru a kanta. Aka ji "bum!" kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Motar ta zube ta gefen, ta cije. Kanta a cikin fili, gindinta a kan kwalta. Hon ɗin tifa ya tashi, wannan karon ba ya yankewa.

"Taka!" in ji Baba.

Ƙafarta ta tsaya a sama. Tun ɗazu ake hana ta, jikinta ya riƙe hanin ya ƙi saki.

"Yanzu ki taka! Tayar ta mutu, ba abin da za ki ɓata! Taka, Auta!"

Ta take har ƙasa. Injin ya yi ihu, ƙarfen ƙafar ya kankare siminti yana fitar da wuta, motar ta yi tsalle biyu ta haye, ta kutsa cikin tarin yashi ta mutu. Ta bayansu wani abu mai girma ya shuɗe, ya yaye fitilar baya ya tafi da ita. Auta ta juya ta ga tifar na gangarawa, hayaƙi na tashi daga ƙafafunta duka, hon na ci, har ta ɓace a ƙasa.

Masu buga bulo suka yar da shebur suka rugo. Wani ya buɗe ƙofar baya yana tambayar Baba ko ya ji ciwo. Auta ba ta tsaya ba. Ta fita da gudu ta koma bakin titi, ta dubi sama. Tifofin uku sun haye sun wuce. Hanya fayau, kwalta na rawa cikin zafi. Babu kowa.

"Gwaggo!"

Dutsen ya maido mata da muryarta. Ta fara hawa da gudu, takalminta ɗaya ya cire, ba ta koma ba. Ta ƙara kira, muryar ta karye a tsakiya. Wani dattijo cikin masu bulon ya biyo ta ya sha gabanta.

"Tsaya, 'yata. Wa kike nema?"

"Gwaggona. Ita ta je tare tifar. Tana can sama, ya..."

"Mace mai jiki? Kanta ba ɗankwali?"

Ta gyaɗa kai.

"To ba sama za ki duba ba." Ya nuna ƙasa.

Can gindin gangaren, inda hanya ta kwanta, tifar ta tsaya da ƙafa biyu a cikin gona, hayaƙi ya lulluɓe ta. Ƙofar gefen fasinja a buɗe take. Wata ƙafa ta sauko tana laluben matakala, ta rasa, ta koma. Ko daga wannan nisan ana jin muryar.

"Kai, ɗan nan! Ka zo ka sauke ni mana! Ko a nan zan kwana?"

Auta ta zauna daɓas a bakin kwalta, ta rufe fuska da tafin hannu. Dattijon ya tsaya a kanta yana kare ta daga hanya, bai ce mata ta tashi ba.

An ɗauki lokaci kafin su hawo. Direban tifar na riƙe da hannun Gwaggo, ko kuwa ita ce ke riƙe da nasa, don shi ya fi ta tangaɗi. Magidanci ne mai furfura a gemu, rigarsa ta manne da jiki.

"A tsakiyar hanya ta tsaya," yake gaya wa masu bulon. "Tsakiya cur, ta ware hannuwa. Na tsaya, ban san yadda aka yi na tsaya ba. Kafin in buɗe baki ta haye, ta ce in bi ku in tare muku baya, kada wani ya faɗo muku. Na ce birkina ba zai ɗauka ba. Ta ce in ya ƙi, sai mu tafi tare."

"Ƙarya na yi?" in ji Gwaggo. Ta saki hannunsa, ta tsaya a gaban Auta tana haki. "Yaya fa?"

"Yana ciki. Lafiyarsa lau."

Gwaggo ta dafa kafaɗar Auta, ta sauko a hankali ta zauna kusa da ita a kan ƙura. Ta buɗe baki kamar za ta yi wata tsokanar, sai haɓarta ta fara rawa. Ta jawo kan Auta ta kifa a ƙirjinta, ta fashe da kuka mai ƙarfi, baki buɗe, irin na yara.

Daga cikin motar aka ji bugun ƙofa, sau uku.

"Ku tashi daga bakin titi," in ji Baba. "Minti goma sun cika."